Tsohuwar Mustang: jari ce ko sha'awa?

Wani mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya aiko da tambaya: "Na ga Ford Mustang ƙirar 1967 ana sayarwa a Amurka, kuma an ce irinta kullum ƙara tsada take. Ina so in ciri kuɗi daga jarin shago in shigo da ita, in riƙa ba masu biki haya, bayan wasu shekaru in sayar. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Idonka bai yi ƙarya ba, motar tana da kyau: dogon gaba, gajeren baya, ga rurin inji mai silinda takwas da ake jiyowa tun daga bakin layi. Amma kada ka taɓa jarin shago saboda ita.

Yayin irin waɗannan motocin Amurka masu ƙaton inji ya kankama ne a 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya ɗora ƙaton inji a matsakaiciyar mota ya sa mata suna GTO. A watan Afrilun shekarar Ford ya fito da Mustang, daga baya Chevrolet ya biyo da Camaro. A 1970 akwai Chevrolet Chevelle mai ƙarfin doki 450. Daga nan tsadar inshora, da dokar hayaƙi, da ƙarancin fetur na 1973 suka taru suka kashe kasuwar. Samarin da suka yi ta haɗiyar yawu a kansu a wancan zamani su ne suka girma suka yi kuɗi, suka koma suna sayen ƙuruciyarsu a wajen gwanjo. Farashin da kake ji daga aljihunsu yake fitowa, kuma suna can Amurka.

Ko a can ɗin ba kowace ke yin kuɗi ba. Gaskiya ne an sayar da wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi dala miliyan 3.5 a 2014, to amma irinta da aka ƙera a shekarar ba su kai 15 ba. Wata Mustang ta 1968 ta haura dala miliyan 3 a 2020, don ita ce Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. Irin taka fa? Ford ya ƙera Mustang fiye da 400,000 a 1967 kaɗai, da yawansu ma masu silinda shida ne. Mai saye na gaske ba fenti yake kallo ba. Lambar inji zai duba ya ga ko ita ce ta fito da motar daga kamfani, ya nemi takardun waɗanda suka riƙe ta, ya shiga ƙarƙashi da tocila yana neman tsatsa. Wasu har maganaɗisu suke mannawa a bodi, inda bai kama ba sun san an cike rami ne aka shafe da fenti. Akwai kuma masu ɗaukar gama-garin mota su liƙa mata tambarin mai tsada. Kai da hoto kawai ka gani a waya, wa zai duba maka duk wannan?

Sai shigowa. A jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su Najeriya akwai motocin da suka wuce ƙayyadaddun shekaru, kuma motar 1967 ta daɗe da tsallake wannan iyaka. Kafin ka tura ko sisi, ka zauna da ejan mai lasisi. Duk wanda ya ce maka "za a san yadda za a yi", ka tambaye shi wa zai ɗauki asarar in an riƙe ta a tashar jirgin ruwa.

A ce ma ta iso lafiya. Kayan gyaranta ba a kasuwar Ƙofar Ruwa suke ba. Ƙaramin abu ya lalace, sai oda da dala da jiran makonni. Fetur kuwa kamar raƙumi a bakin rijiya. Da wuya ka tarar da na'urar sanyaya ciki, kuma ban ga amaryar da za ta yarda ta zauna cikinta da kwalliya a zafin Afrilu ba. Ranar da bakanike ya canza mata inji don ta riƙa tashi, darajar da ka saye ta dominta ta tafi. In ka tashi sayarwa, mutum nawa ne a Kano za su taya? Atamfarka tana juyawa sau da dama a shekara, wannan kuwa tana fake tana ci.

In son tsohuwar mota ne ya kama ka, ba laifi, amma da rarar riba, kuɗin da ko sun tafi shago ba zai girgiza ba. Ka fara da Fijo 504, wadda a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna: akwai kayanta, akwai tsofaffin kanikawan da suka san ta ciki da bai. Ka gyara ta tsaf, ka gwada ba masu biki da masu shirya fim haya na shekara guda, kana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ka kawo mini littafin mu duba tare kafin a sake maganar Mustang.