Ciyawar da ba a nomewa

Jiya ka tambaye ni, ka ce: "Maigida, lambun ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi muke yi, me ya kai mu dasa ciyawa? Ba fure suke so ba?"

Gaskiyarka, ɗana, ba ta da zaƙin da za su tsotsa, iska ce ma ke kwashe mata ƙurar furenta. Amma ƙwaro ba ci kaɗai ke gabansa ba, yana neman makwanci da wurin ajiye ƙwai.

Durƙusa ka duba gindinta. Ba ta yaɗo kamar kiri-kiri, a dunƙule take tashi, gindi guda, ta bar ƙasa fili tsakaninta da 'yar'uwarta. Wannan filin nake so. Yawancin jinsin ƙudan zuma ba sa zama a amya, rami suke haƙawa, kowace uwa da nata. Ƙaramin ramin nan mai tulin ƙasa a baki, kada fartanyarka ta taɓa shi. In kuma ka ga ganye a naɗe, an gaigaye gefensa, bar shi. Tsutsar da ke ciki ita ce malam-buɗe-littafin gobe. Maganin feshi kuwa kada ya shigo lambun nan.

Wajen dashe, ka bar tazarar kamu guda, gindin ya zauna daidai da fuskar ƙasa, kada ka binne shi. Ka yi ban ruwa har ta kama, sannan ka janye hannu. Taki ba nata ba ne, in ya yi yawa sai ta yi tsawon banza ta kwanta. Shekarar farko za ka ce ba ta komai, alhali saiwa take turawa ƙasa.

In ta bushe, kada ka yi gaggawar ɗaukar lauje, akwai masu fakewa a ciki. Jira sai sabon toho ya kusa, ka yanke ka bar tsawon taƙi guda a tsaye. Bayan shekara 3 ko 4, in tsakiyar ta mutu, tono ta ka raba.

Kuma 'yar ƙasa za ka dasa, wadda ta saba da wurin. Gamba ba ta da laifi a dazukan Afirka, amma da aka kai ta arewacin Ostireliya don kiwo, sai ta mamaye daji, gobararta har itatuwa take kashewa. Saboda haka kafin ka karɓi iri a hannun kowa, kawo mini in gani.