Tambaya da Amsa: Wace mota manuwal zan saya wa ɗana wadda ba ta shan mai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki? Ɗana ne ya cika shekara 18 ya samu lasisi, shi ne muke so mu saya masa 'yar mota ta hannu da zai riƙa zuwa makaranta. Babansa ya dage sai manuwal, wai ta fi rashin shan mai kuma yaro zai fi iya tuƙi, ni kuma tsorona kar ya je ya yi ta ƙona kulochi ko ya ji wa kansa ciwo. Shi kuma yaron idonsa na kan wata mai turbo da ya gani a hannun abokinsa. Dan Allah wacce za mu saya?
Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Mai turbo dai a ajiye maganarta tun yanzu, yaron da bai gama sanin inda kulochi ke kamawa ba ba shi da abin yi da motar da ana taɓa totur take zabura.

Maganar maigida kuma rabi haka ne. A da can manuwal ta fi otomatik tsimin mai ba musu, amma otomatik na yanzu masu giya shida zuwa takwas da masu CVT (giyar otomatik da ba ta da matakai) sun kamo ta, wasu ma sun wuce. Sai dai tunda ta hannu za ku saya wadda ta ɗan kwana biyu, manuwal ɗin ba laifi, gyaran giyarta ya fi sauƙi, kuma ni abin da ya fi burge ni da ita shi ne hannu biyu da ƙafa biyu duk suna da aiki, to da wane hannun zai riƙe waya yana cating?

Ku nemi inji mai girman lita 1.3 zuwa 1.6, mai silinda huɗu, na fetur. Irin su Toyota Corolla, Yaris, Honda Civic, Honda Jazz (ita ce ake kira Fit a Amurka da Japan), Mazda 3 ko Volkswagen Golf mai ƙaramin inji, duk suna cikin layi, kuma in suna da lafiya wajen lita 6 zuwa 7 suke sha a kilomita 100, a cikin gari da cunkoso ya kan ɗan haura. Na san za a ce miki ai Kia Picanto ko Hyundai i10 masu inji 1.0 sun fi tsimi, gaskiya ne, amma bambancin bai fi lita ɗaya da wani abu ba a kilomita 100, kuma ranar da tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, ƙaramar mota sosai ita ke kwasar kashinta a hannu in ta haɗu da babba. Ni da ɗana ne zan yarda in ƙara wannan litar in sa shi a Corolla ko Civic.

Abin da ban so ku yi sassauci a kai shi ne birkin ABS mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, jakar iska, da na'urar nan ESC mai hana mota zamewa in an karya kwana da gudu, don kuskuren sabon direba ke nan, ya shiga kwana da wuta ya tsorata ya fizge sitiyari. A Amurka an wajabta ESC a sababbin motoci daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga 2014, to kinga in kun samu ƙirar da ta biyo bayan nan hankali ya fi kwanciya. Ki sa yaron da kansa ya duba taurarin da motar ta samu a gwajin karo na Euro NCAP, yana nan a intanet, ai gwanin waya ne.

Sai kulochi, wanda shi ne tsoronki. Kafin a biya kuɗi a tafi da makanike naku, ba na mai motar ba. A tada mota, a ja hambirki, a sa giya ta uku a saki kulochi a hankali, in ta mutu nan take lafiya lau, in kuwa ta ci gaba da kuka kamar ba a yi komai ba to faifan ya cinye. A hau titi kuma a sa giya ta huɗu a take totur, in ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, zamewa yake. Sannan a saurari giya, musamman ta biyu da ribas, kar a ji tana gurzawa. Yaron zai kashe motar a danja sau da yawa a satin farko, wannan ba komai ba ne, kowa haka ya fara. Abin da ke cinye kulochi shi ne ɗora ƙafa a kai ana tafiya, da riƙe mota da shi a kan tudu maimakon a ja hambirki, sai ki ji wani warin ƙauri ya cika motar. In da hali ku nemi mai taimakon tashi a tudu, tana riƙe birki na daƙiƙa biyu haka kafin kulochi ya kama.

Tsimin man kuma yawanci a ƙafarsa yake. Ya riƙa canza giya da wuri, allurar juyin inji na wajen 2,000 zuwa 2,500, ya bar figa daga danja, ya duba iskar taya duk wata, a yi juyen baƙin mai kan lokaci. Kuma dan Allah a gaya masa kar ya biye wa masu cewa a saki mota a firi a gangara wai ana ajiye mai. Motocin yanzu masu injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur kwamfutarta yanke man take gaba ɗaya, a firi kuwa inji na shan na sulo, ga shi duk nauyin motar ya koma kan birki shi kaɗai.

Watannin farko kuma Hajiya, ban da tuƙin dare, ban da cika mota da abokai, ko da kuwa zai yi kwana uku yana kumbura fuska.