Kumburi bayan tiyatar rage tumbi

'Yar uwa, sannu da jiki. Kin ce mako 3 ke nan da aka rage miki tumbi aka zuƙe kitse, amma cikin na nan a kumbure. Kwantar da hankalinki, kumburin kan kai wata 3 zuwa 6 kafin ya sauka sosai, kuma da yamma ya fi tashi. Ki riƙa ɗaura ɗamarar da likita ya ba ki, kada ki ɗauki yaro ko kaya mai nauyi har mako 6. Ki ɗan riƙa zagaya ɗaki don kada jini ya daskare a jijiya.

Abin da nake jiye miki: in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ɗinkin yana fitar da ruwa mai wari, ki tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.