Cizon aku: amsar tambayoyinku na wannan makon

Likita aku na ya ciji ƙanwata a hannu, sai an yi mata allurar haukan kare?

A'a. Tsuntsu baya ɗauke da wannan ciwon, na dabbobi masu shayarwa ne irinsu kare da mage da jemage. Ku wanke wurin, in ya huda fata sosai ku kai a duba.

Allurar tetanus fa, dole ne?

In cizon ya fasa fata kuma an haura shekara 5 rabonka da allurar, ko baka ma tuna yaushe aka maka ba, je ka karɓa.

Dokta, mahaifina mai ciwon suga ne, aku ya cije shi a gaɓar yatsa kwana uku kenan, mun sa man birki da toka muka ɗaure da tsumma kamar yadda aka bamu shawara, yanzu yatsan ya kumbura yana zugi baya lanƙwasuwa. Wane magani zamu saya?

Malam dan Allah kada ku sayi komai, ku kwance tsumman nan ku kai Baba asibiti yau ɗin nan, kada a jira gobe. Wallahi raina yana ɓaci duk sanda naji zancen man birki a kan rauni, abin da aka yi don mota me ya haɗa shi da naman mutum? Ƙona naman wurin yake, ita kuma toka ta toshe bakin ciwon ta rufe dattin a ciki, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Haka kananzir, haka ƙasa, haka man goge baki, babu mai warkarwa a cikinsu.

Abin da mutane basu gane ba, bakin aku ƙwaya mai tauri yake fasawa da shi, to in ya kama yatsa hudawa yake ya kuma murƙushe naman ciki, daga waje sai kaga ɗan rami ƙarami kace ai ba komai alhali a ciki ya taɓa jijiya ko gaɓa, manyan aku ma suna iya tsaga ƙashin yatsa. Yatsa kuma fata ce a kan jijiya da ƙashi, in mugunya ta taru bata da wurin zuwa sai ta bi jijiyar ta gangara tafin hannu. Ga shi Baba yana da suga, ciwonsu baya saurin warkewa. Yatsan da ya kumbura ya ƙi lanƙwasuwa yana iya buƙatar a buɗe a wanke, a bada maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokaci ta jijiya, a duba sugansa. In akwai zobe a cire tun yanzu. In kunga jan layi yana hawa hannu, ko kaluluwa a hammata, ko zazzaɓi, ko cikin dare ne ku tafi.

Da tun farko an tara yatsan a ruwa mai gudu an wanke da sabulu kamar minti 5, an danne da kyalle mai tsabta jinin ya tsaya, an sa aidin da bandeji an nufi asibiti, da ba a kai nan ba. Ku kai shi yau dan Allah.

Ina ba aku na abinci da bakina don ya saba da ni, akwai matsala?

Akwai, ki daina 'yar'uwa. Leɓe in ya tsage sai ɗinki, ido kuma yana kusa. Sannan akwai zazzaɓin aku, wanda ƙwayar Chlamydia psittaci ke kawowa, a 1929 zuwa 1930 ya bazu ƙasashe da dama ta hanyar cinikin aku. An fi ɗaukarsa ta shaƙar ƙurar busasshen kashin tsuntsun, amma haɗa baki da shi ma hanya ce. Yakan bayyana bayan kwana 5 zuwa 14, zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari, yana iya zama nimoniya. Yana jin magani, amma sai kin gaya wa likita kina kiwon aku, in ba haka ba zai ta neman wani ciwon daban. Ki riƙa yayyafa ruwa a keji kafin shara, ki sa takunkumi, mai ciki kuma ta bar wa wani aikin.

Yarona ɗan shekara 3 yana son zura yatsa a keji.

Hajiya a ɗaga kejin sama inda hannunsa baya kaiwa, kada a bar su su biyu ba babba a wurin. In kinga akun ya tada gashi ya baza wutsiya ƙwayar idonsa tana buɗewa tana tsukewa, cizo zai yi, janye yaron. In kuma ya riga ya cije shi a fuska ko hannu, a wanke a kai shi asibiti ko da ramin ƙarami ne.