Amsa ga wanda aka ce masa "ba ka ƙayatar ba"

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka yi MC a wani biki, mutane sun sha dariya, amma uwar amarya ta ce MC bai ƙayatar ba, kana son sanin me take nufi. Ni ma an taɓa jifa na da wannan kalmar.

Wata dina ce a nan Kano, shekarata ta biyu a harkar. Na yi ta barkwanci har maƙogwarona ya bushe, abokan ango suna riƙe ciki. Da aka tashi, mai shirya bikin ta riƙe min cikon kuɗina, naira dubu 15, wai ban ƙayatar ba. A gaban DJ da masu ɗaukar hoto fa! Yaron da ke riƙe min jaka yana tsaye yana ji. Na kira ta ya fi sau goma, ba ta ɗauka. Har yau in na bi ta layin nan sai raina ya ɓaci. Ban yi mata Allah ya isa ba, amma ban manta ba.

Abin haushin, ta ɗan yi gaskiya. Abin da na yi nishaɗantarwa ce, na sa su walwala. Burgewa kuma kai ake yabawa, muryarka ko shigarka. Ƙayatarwa ta taron ce gaba ɗaya, ya tsaru, ya cika ido, ya yi armashi. Shi ya sa muke cewa ƙayataccen gida, ko Hawan Daushe ya ƙayatar, alhali ba don dariya ake zuwa can ba, sai don dawakai da ado da algaita. Ni a daren nan amarya ta shigo cikin hayaniya, ban kira gwaggonninta fili ba, liƙi ya rikice. Iyaye mata wannan suke kallo.

Don haka kafin ranar biki na gaba ka samu wata babba a dangin amarya ta jera maka waɗanda za a kira. Ka daina wasa da zancen kishiya, akwai mai kishiya a kowane tebur. Kuma don Allah ka karɓi kuɗinka cif kafin ka ce assalamu alaikum. Naka sun biya ka dai ko?