Daren labarin waƙa a Damagaram: me za a saya, me za a yi haya?

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: zaman dare da matasa ke son shiryawa, inda mutum zai tashi gaban jama'a ya faɗi yadda wata waƙa ko wani kiɗa ya juya masa rayuwa. Labari ne na gaskiya daga bakin mai shi, babu Gizo babu Ƙoƙi. Na zaɓi huɗu.

Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, daga Zango ya rubuto: "Mun tara jaka 300 a fadarmu, wato majalisar hirarmu. Abokaina na son mu sayi manyan baf biyu, da mikro marar waya, da fitilu masu launi. Ni na ce mu yi haya. Wa ya fi gaskiya?"

Mushe, ka fi su gaskiya, amma kai ma da saura. Baf ɗin, wato lasifika, ku yi haya har zama biyu ko uku, ku ga yawan mutanen da ke zuwa tukuna. Mikro kuwa ku sayi naku tun yau. Na masu hayar kayan biki ya sha faɗuwa ƙasa, ya sha ihun sanƙira, kuma an saita shi don rawa. Ku abin da kuke nema shi ne a ji muryar dattijuwar da ba ta taɓa magana gaban taro ba, har lokacin da muryar ta soma rawa.

Ku sayi mai waya, irin wanda ake kira dinamik. Ba ya cin batir, yana ɗaukar abin da ke gabansa ya bar hayaniyar bayansa. Wanda ya fi suna shi ne Shure SM58, tun 1966 ake ƙera shi, shi ya sa jabunsa ya cika kasuwa. In an yi maka kuɗin da ya ba ka mamaki don araha, a kasuwar Dole ne ko a Kano, to ka san abin da ka saya. Kada ka biya sai an jona an gwada. Ka yi magana a hankali kamar mai raɗa, ka girgiza wayar wajen mahaɗarta ka ji ko tana ƙaras-ƙaras. Ka haɗa da sandar tsayar da shi, don baƙon mikro in ya riƙe a hannu sai ya sauke shi har ciki, da soson rufe kai saboda iska da ƙurar hunturu.

Marar waya ya taɓa kunyata ni. Wata baiwar Allah tana ba da labarin waƙar daka da mahaifiyarta ke yi, ta kai daidai ranar da ta ji wata maƙwabciya na rera ta bayan rasuwar tsohuwar, wuri ya yi tsit, sai batir ya mutu. Kafin yaro ya dawo daga mai tebur, ta ja mayafinta ta koma ta zauna. Babu irin lallashin da ba mu yi ba, ta ce ai ya wuce.

Sai maganar wuta. In an ɗauke, gurup, wato injin ba da wuta, zai cece ku, amma ƙararsa na cinye magana. Ku kai shi bayan katanga, nesa, da doguwar waya. In mutanenku ba su wuce 70 ko 80 a tsakar gida ba, baf ɗaya mai batir a cikinsa ya wadatar, kuma shi zan ce ku saya daga baya. Kada lambar wat, ma'aunin ƙarfin baf, da aka rubuta ƙatuwa a kwali ta ruɗe ku, ku nemi wadda aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ta gaskiya. Baf ya zauna gaba da mikro yana kallon jama'a, in ba haka ba za ku sha wannan ƙugin mai huda kunne. Fitilu masu launi ku bar wa masu aure. Farar fitila ɗaya a kan fuskar mai magana ta isa, sauran kuɗin ku ajiye na tabarmi, kujerun dattawa, ruwa da kuɗin kabu-kabun masu ba da labari.

Wata Hajiya daga Birni ta tambaya: "Mu ɗauko makaɗi ne, ko mu riƙa sa waƙar daga salula?"

Hajiya, ku yi duka biyun, kowane da wurinsa. In mutum ya ce waƙar Ma'azu Ɗan Alalo ce ta hana shi barin gari, a sa masa ita daga salula, rabin minti, a kashe. In kuka bar ta ta ƙare, hankalin mutane ya bi waƙar ya bar mai labarin. Tsakanin labari da labari kuma makaɗi ɗaya ya fi, mai gurmi ko molo ko garaya, wanda zai taɓa a hankali mutane su nisa. Kakaki da algaita na sarauta ne, ke da ke Birni kin fi ni sanin ba kowa ake busa wa ba. Kalangu kuwa da ya tashi ƙafa ta tashi, a soma kari, ana manna wa makaɗi kuɗi, zama ya koma biki.

Ku yanke ladan makaɗin tun kafin ranar, ku biya shi da mutunci, ku kuma gaya masa ƙarara cewa babu kirarin kowa a daren. In kun bar shi ya dogara da abin da za a manna masa, dole ya wasa mai babbar riga, kuma ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. In za ku karɓi kuɗin shiga kuna sa waƙoƙin mutane, ku tuntuɓi BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa. Kada kuma ku ɗauka waƙa sai mai kiɗa. Wanda ƙasidar bege ta sa ya koma makarantar allo yana da gemu, labarinsa na cikin wannan zama, kuma zuwansa zai kwantar da hankalin iyayen da ke ɗari-ɗari da taron.

Wani ɗalibin Jami'ar André Salifou ya ce: "Mun rasa babban mawaƙin da zai zo. In babu mai suna, wa zai fito?"

Ƙanena, mai suna ya riga ya faɗi labarinsa a rediyo sau goma, ya goge har ya yi santsi. Nemi tela, da direban da ke bin hanyar Agadas da kaset ɗaya, da ungozoma, da yaron da ya bar ƴan fale, wato ƴan daba, ya kama gurmi. A Amurka akwai The Moth, ƙungiyar da ke shirya irin wannan zaman ba da labari, da aka fara a New York a 1997, kuma a gasarsu ƙa'idar ita ce labarin ya zama naka, na gaskiya, minti biyar, ba takarda a hannu. Ku ara wannan, ku ƙara minti biyu saboda gaisuwarmu, don Bahaushe ba ya tashi gaban manya bai yi sallama ba. Mutum shida sun isa dare guda.

In kana son ganin siffar labarin da ake nema, dubi Mamane Barka, ɗan Tesker a nan jiharmu. Malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi. A 2002 ya samu tallafin UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tafi yankin tafkin Chadi wajen Boukar Tar, dattijon da ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya biram, abin kiɗan Buduma, mutanen tafkin, mai tsirkiya biyar da siffar kwale-kwale. Ya koya, ya dawo da shi, ya zaga duniya da shi har rasuwarsa a 2018. Ka ga akwai yadda mutum yake da, akwai abin da ya faru, akwai yadda ya koma. Duk wanda ya zo maka da "waƙa tana da muhimmanci a rayuwa", lacca ya kawo.

Aikin ma duk kafin ranar yake. Ka zauna da kowane mai labari sau biyu, da shayi. Tambaye shi ina yake zaune ranar da ya fara jin waƙar, wa ke kusa da shi, me ke hannunsa, me ya yi da gari ya waye. Za ka ga mutum ya yi minti ashirin yana kewaye-kewaye, sai can ya ce "ai ranar nan ne na mayar wa babana makullin shago". Nan labarin yake, ka ce ya fara daga kusa da nan. Kuma ka rage gayyatar manya. In kawun mutum da mai gidansa na jere a kujerar gaba, godiya kawai zai yi ya sauka.

Ta ƙarshe, daga Sabon Gari: "Mu sa kuɗin shiga? Mu ɗauki bidiyo mu sa a Facebook?"

Zaman farko kyauta, a zaga da ƙwarya a ƙarshe. Ku fara bayan isha'i, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin Afrilu, ku kuma gaida mai unguwa ku sanar da ma'aikatar magajin gari tun da wuri. Bidiyo kuwa, Damagaram gari ne da kowa ya san kakar kowa. Matar da ta faɗi yadda waƙa ta riƙe ta a shekarar da aurenta ya mutu ta faɗa wa mutum 60 ne da ke gabanta, ba ta faɗa wa dangin tsohon mijinta a WhatsApp ba. Ku nemi izini kafin zama, ku sake nema washegari bayan ta kwana da abin. In ta ce murya kawai, a sa murya kawai. Mai gabatarwa kuma ya roƙi jama'a tun farko su mayar da salula aljihu, a bar mutum ɗaya da kuka sani ya ɗauka, daga gefe, ba tare da ya haska fuskar kowa ba.