Ga mai shirin zuwa karatu Ohio: ka kama bakinka kan alƙalan wasa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karatu a Columbus, kuma tunda kai mayen ƙwallo ne, yin abokai ba zai ba ka wahala ba. Zancen biza da kuɗin haya kowa zai gaya maka. A kan ƙwallon nan zan ja maka kunne, don ni babu wanda ya ja mini.

Ƙwallon da suke mutuwa a kai a nan ba wanda ka sani ba ne. Mai kama da zari-ruga ne, kuma na jami'o'i ya fi shiga jinin mutane. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000. Gabarsu da Ohio State, jami'ar da ke Columbus, ta faro tun 1897. A makon karawarsu, ƙarshen Nuwamba, za ka ga an bi allunan harabar Ohio State an lilliƙe harafin M na Michigan da jan salatif. Kada ka ɗauka musun Barcelona da Madrid ne na teburin mai shayi, wanda ake tashi a rabu ana dariya.

A 2016 wasan ya kai ƙarin lokaci na biyu, Michigan na gaba da maki 27 da 24. Ohio State na da damar ƙarshe, yadi ɗaya take nema. Ɗan wasanta J.T. Barrett ya ruga da ƙwallo, aka tare shi daidai bakin layi. Alƙalai suka ce ya kai, aka duba bidiyo aka bar hukuncin, nan take Curtis Samuel ya ci, aka tashi 30 da 27. Kocin Michigan na lokacin, Jim Harbaugh, ya caccaki alƙalan, aka tsawata masa, aka ci jami'arsa tarar dala 10,000. Har gobe ɗan Michigan zai rantse maka Barrett bai kai ba.

Ranar Litinin a wurin aikina aka tambaye ni ra'ayina, na ce hoton bai nuna komai ƙarara ba. Gaskiya na faɗa, kuma har yau ina kan bakana. Wani ya kalle ni ya ce me ɗan Afirka ya sani game da wasansu. Shugabana, mutum mai digiri biyu, ya shafe watanni yana amsa gaisuwata da kyar, aka daina kirana cin abincin rana. Wallahi abin ya yi mini ciwo fiye da sanyin garin. Da gumina na tsaya har na kai inda nake a wurin yau, amma ban manta ba.

Kuma ba ƙarya suke yi da gangan ba, ido ne ke bin zuciya. Bayan wani ƙazamin wasa tsakanin Princeton da Dartmouth a 1951, masana biyu, Hastorf da Cantril, sun nuna wa ɗaliban makarantun fim ɗin wasan guda. 'Yan Princeton suka ƙirga wa Dartmouth laifi fiye da ninki biyu na nasu, 'yan Dartmouth kuma suka ga laifin kusan daidai yake. To kai baƙo, da wace hujja za ka juya su?

Abin da ya fi damuna shi ne rigima. A 2024 Michigan ta ci 13 da 10 a Columbus, 'yan wasanta suka nemi kafa tutarsu a tsakiyar fili, dambe ya kaure, 'yan sanda suka fesa barkono, aka ci kowace jami'a tarar dala 100,000. A ranakun nan giya na yawo a titi tun safe. Ɗan ƙasa in an kama shi, iyayensa za su ɗauko lauya. Kai bizar ɗalibi ce a hannunka, kamu ɗaya na iya jefa ta cikin matsala, kuma ka san abin da Baba ya sayar kafin a haɗa kuɗin nan.

Ka zo, karatunsu yana da kyau. Ka je filin Ohio State ko sau ɗaya ka ba idonka abinci, amma ban da shuɗiyar riga, don launin Michigan ne. In an tambaye ka kan hukuncin alƙali, ka ce har yanzu kana koyon dokokin wasan.